Ƙanƙarar Asuba

A hoton nan na bangon jami'a,
ta uku daga hagu ni ce, Doreen,
mai tsaron raga, haƙori guda babu.

Ba a ba mu filin hoki sai asuba,
bayan maza sun gama karce ƙanƙara.
Takalman yayana na ara,
na cusa jarida wajen yatsu.
Bernice ta ɗaure mujallu a ƙwauri.

Sha ɗaya aka zura mana a Regina,
muka dawo a motar madara muna dariya.

Jiya na je kallo.
Kujeru maƙil, kowace yarinya da sunanta a baya.
Bernice ba ta kai ga ganin wannan ba.
Na tafa nawa, na tafa nata,
har hannuna ya yi zafi.