Ƙusoshi a Gwangwani

Ni Motaleb, kafinta ne a tsibirin Bhola,
amma shekara tara ke nan rabona da in gina ɗaki
da niyyar ya tsufa.
Rabi-rabi nake buga ƙusa,
in bar mata kai a waje
saboda ranar cirewa.

Meghna ba ta yin sallama.
Sai dai ka tashi da asuba ka ga tsaga a tsakar gida,
siririya kamar zaren da ya faɗo daga bakin tela,
kaji su ƙi tsallake ta.
Kafin azahar, hannu ya shige.
Kafin la'asar, ƙafar yaro.
Da tsakar dare sai ka ji rim,
ƙasa ta yi tari sau ɗaya,
ruwa ya haɗiye, ya goge baki,
ya wuce abinsa.

Jiya gidan Shefali muka kwance.
Na sa wa kowane fallen kwano lamba da alli,
a kan lambobin bara da ba su gama gogewa ba.
Ita tana ƙirga tukwane,
surukarta na ƙirga jikoki,
babu wanda ya ƙirga itatuwan kwakwa.
Joynal da hannunsa ya sare mangwaron,
'ya'yan ko nuna ba su yi ba.
Ya ce gara gatarina da haƙorin kogi.
Icen ya sayo shinkafar kwana goma.

Kabarin baba yana can.
Can, inda jirgin Dhaka ke karya kwana yana busa ƙaho.
Ran Juma'a Haripada kan ɗauke ni a kwalekwalensa,
mu tuƙa har hasumiyar waya ta daidaita da rufin kasuwa,
in ce nan ne, ko kusa da nan,
in karanta Fatiha a kan igiyar ruwa.
Shi ba ya salla,
amma yakan ɗaga filafili ya yi shiru.
Murhun uwarsa ma yana ƙasan nan.

Har yau ina biyan harajin gonarmu.
Gonar da kifi ke kiwo a ciki.
Akawu yakan buga hatimi ko murmushi babu,
in naɗe takardar cikin leda uku
in sa a gwangwanin madara, tare da ƙusoshi.
An ce abin da kogi ya ci a yamma
yakan amayar a gabas, in an yi haƙuri.
Ya amayar kuwa:
tudun laka ya ɓullo, ciyawa ta tsiro, balbela ta sauka.
Da muka isa, masu kulake sun riga mu,
takardarsu ta fi tawa fari.

Rubel yana Dhaka yana taka keken haya.
In ya turo kuɗi ta waya, tambaya ɗaya ce:
Baba, saura nawa?
Kullum da magariba nakan auna da ƙafa
daga bakin ƙofa zuwa gaɓa.
Ran Talata ɗari da arba'in.
Yau ɗari da goma sha shida.
Na ce masa ɗari da arba'in.

Malama ta ce su rubuta adireshin gida.
Parul ta daɗe tana tauna fensir,
sannan ta rubuta: ƙofa mai shuɗin fenti.
Aka ba ta sifili.
Ni kuwa na duba ƙofar nan,
gida shida ta rufe, ƙauye huɗu ta gani,
tsayin yarinyar duk a jikinta nake zanawa.
Ban ga inda ta yi kuskure ba.

Yanzu ina zaune gaban aci-balbal
ina miƙe lanƙwasassun ƙusoshi a kan dutse.
Ƙwas, ƙwas.
Daga nesa gaɓa ta amsa da tata muryar.
Matata ta juya a shimfiɗa, ba ta yi magana ba,
ta dai laluba ta taɓa ƙullin kaya.

Ɗaya ta karye a hannuna.
Na jefa ta cikin gwangwanin.
Gajeruwa ma tana riƙe katako
na damina ɗaya.