Dare Ɗaya Cikin Daƙiƙa Talatin da Shida

Na bar Tawa bayan lisha, bisa moto,
ƙarfe mai ƙafa uku a goye,
kyamarar taurari a ƙirji kamar jinjiri.
Na bi hanyar Kalfu
har fitilun gari suka gaji da rakiyata.

A bakin garkar albasa na kafa ta,
inda Baba Atto ke gadi tun ban san haruffa ba.
Ya ce, "Me take kamawa, ita da babu tarko?"
Na ce, "Dare."
Ya ce, "To, ka rage mini na barci."

Na juya idonta arewa,
wajen tauraron nan da ba ya zuwa ko'ina.
Na ce mata: buɗe, ki sha haske rabin minti,
rufe, ki sake buɗewa,
kada ki tambaye ni dalili sai asuba.

Ƙyat.
Sai kukan gyare.
Ƙyat.

Ni kuwa zama ya gagare ni.
Na duba batir, na shafe raɓa da bakin rawani,
na zagi gajimare guda da bai yi mini kome ba.
Na tsorata da kunama, ashe igiyar guga ce.
Kaza ta haura da ƴaƴanta ta bayana,
ban ko gaishe ta ba.
Baba yana bisa buzu, jingine da gawo,
tasbaha na tafiya, shi ba ya tafiya.

Hoto ɗari tara, kafin ladan.

Da hantsi, a ɗakina na Bilbis,
na zuba su cikin na'ura, na ɗinke su baki da baki.
Awa bakwai da rabi
ta koma daƙiƙa talatin da shida.

Sama ta juya kamar faifai a hannun mai shiƙa.
Taurari na zagaye turke guda,
babu wanda ya taka wani.
Motar albasa ta ja zare ja ta wuce Keita.
Gajimaren da na zaga
ya zo, ya tafi, ko atishawa ta fi shi daɗewa.

Ga gawo, ga Baba a gindinsa,
fes, har da facin gwiwar wandonsa,
duniya na gudu bisa hularsa.

Na nemi kaina.
Na mayar baya, na sake nema, sau huɗu.
Sai wani hayaƙi-hayaƙi a gefen hagu,
yana zuwa, yana gushewa,
da ɗigon tocila a inda ya kamata a ga fuska.

Ran kasuwa na kai wa Baba a waya.
Ya kalla, ya miƙo mini, ya gyara zama.
Ya ce, "Ashe kai ma ka zo daren nan?"