Awon Batir a Bethel

Ƙarfe tara na safe, rana ba ta da niyyar fitowa.
Kogin Kuskokwim ya daskare, har motoci na bi ta kansa.
A rumfar gyara, Anesia Kameroff
ta dire batir biyu a kan benci,
ta ce da ni, "Zaɓi."

Wa zai ƙi sabo?
Baƙi wuluk, yana ta sheƙi,
ko takardar kanti ba a ɓare ba.
Na maƙala masa mita, ja ga ja, baƙi ga baƙi,
lamba ta tsaya cak, sha biyu da ɗigo bakwai.
Na ce, "Ga shi nan, cike fal."

Ba ta daina taunar busasshen kifinta ba.
"Cike yake don yana zaune," in ji ta.
"Ni ma jaruma ce in ina kan kujera."

Ta jawo wani akwati duk lamɓa,
mai waya a ciki da ke ja kamar garwashi.
Ta ɗora wa sabon kaya, ta ce in ƙirga sha biyar.
Ban kai bakwai ba
allura ta sulale,
ta yi ƙasa, ta yi ƙasa,
ta kwanta kamar wadda aka yi wa rasuwa.
Kyan ɗan maciji.

Ta kifa shi, ta nuna min hatimi a gindi.
Wata goma sha huɗu yana kwance a sito a Anchorage,
ba wanda ya ba shi wuta,
darmar cikinsa ta yi ɓawo.
Zama ne ya cinye shi, ba aiki ba.

Sai tsohon.
Jikinsa duk zane, hannunsa ɗaure da igiya,
ranaku jere a gefensa da farin fenti, rubutunta.
Ta ɗora masa kaya iri ɗaya.
Allura ta ɗan rusuna
kamar ɗan dako da aka aza wa buhu,
ta gyara tsayuwa,
ta tsaya.
Na kai sha biyar. Tana nan.

Ba ta gama da shi ba.
Ɗaki shida ne a cikinsa, ta leƙa su ɗaya bayan ɗaya,
tana zuƙo ruwan da bututun gilashi,
tana kanne ido ga ɗan abin da ke yawo a ciki.
"Malalaci ɗaya ya isa ya kunyata biyar."
Ta kankare koren gari daga bakin waya
har tagulla ta yi murmushi.

Ignaty ya shigo, gemunsa duk ƙanƙara,
da wasiƙu, da kwalin magani, da madarar jarirai
na wani ƙauye mai gida arba'in.
Can zai kashe inji ya sauke kaya,
sanyi na talatin ƙasa da sifili,
mai ya yi kauri kamar zuma,
babu wani jirgi, babu mai ara masa wuta.
Anesia ta ce, "Tashin nan ba tambaya ba ne.
Nan muna da murhu.
Tashin can nake aunawa."

Muka ɗaura tsohon.
Farfela ta juya da ƙyar, sau ɗaya,
ta sake,
inji ya yi tari, ya tofar da hayaƙi,
ya kama.
Na ɗaga hannu ina murna.
Ita ko kallo ba ta yi ba.

Sai wajen ƙarfe biyu
rediyo ya yi ƙara, muryar Ignaty a tsinke:
ya baro can, yana hanya.
Sannan ta ajiye sifanar da tun ɗazu take gogewa
ba tare da datti a jikinta ba.

Da dare ta shigo da tsohon kusa da murhu,
ta ƙara rana ɗaya a layin fentin.
"Wata biyu, mu sake tambayarsa.
Shi ma ranarsa na zuwa."

Sabon yana nan har yau.
Da shi muke tokare ƙofa in iska ta taso,
kuma wannan aikin, gaskiya, ya iya.