Goma da Sha Biyar

A shagon Masta Issaka, bayan kwatar Aboabo,
inda fanka ke juyi da fiffike biyu,
Baba Mumuni ladan ya dire akwatin lasifika.
Ya ce yau da asuba muryarsa ko katanga ba ta haye ba,
kafin magariba yake so.

Masta ya buɗe, ya shinshina,
ya nuna min da bakin sukundireba:
ɗan rasista ya ƙone ƙurmus
kamar ƙwayar shinkafar da ta kwana a gindin tukunya.
"Om shida. Duba gwangwani."

Na zazzage gwangwanin madara kan jarida,
na tona, na sake tonawa.
Babu shida.
Ga mai ɗamara ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, goma ke nan.
Ga mai kore a tsakiya, sha biyar.
Na ce bari in ruga Kejetia.
Ya ce, "A wannan cunkoson? Ka dawo bayan isha'i?"

Ya ɗauki biyun, ya jera su kafaɗa da kafaɗa,
kai da kai, ƙafa da ƙafa, ya murɗe.
"Nawa suka zama?"
Bakina ya riga hankalina: ashirin da biyar.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

"Da jerin gwano na yi musu, wannan bayan wancan,
da ka ci.
Amma tuna babban masallaci ran Juma'a, an sallame.
Ƙofa ɗaya, kowa na taka takalmin kowa.
A buɗe ta gefe,
ko da 'yar tsukut ce, wadda mai tumbi ke bi a karkace,
turereniyar ƙaruwa take, ko raguwa?"

Ya jawo kwali, ya ciro biro daga bayan kunne.
Goma sau sha biyar, ɗari da hamsin, a sama.
Goma da sha biyar, ashirin da biyar, a ƙasa.
"Raba."
Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin benci.
Shida.
Ban yarda ba, sai da ya ɗora mita,
allura ta tashi, ta yi 'yar rawa,
ta tsaya inda kwali ya ce.

"In sun fi biyu, kife kowanne, ɗaya bisa kaza,
tara su, ka sake kifewa.
Ko ka manta duka, riƙe wannan:
amsar ba ta kai ƙaramin cikinsu.
In ta zarce, lissafinka ya ɓata hanya."

Dalma na narkewa, hayaƙi na shiga min ido,
na ce, "In ɗaya ya ƙone fa?"
Bai ɗago ba.
"Ɗayan ya ɗauka shi kaɗai.
Zai yi aiki. Zai yi zafi."

Muna rufe shago muryar Baba Mumuni ta tashi,
ta haye katanga, ta haye kwata,
na ce wannan ko a Asawase sun ji.
Masta ya cusa min sidi sha biyar a aljihu,
na farko tun da na fara share shagon nan.

A gida Mma na tatar gasarar kokon gobe.
Shekara uku ke nan tun rasuwar Baba
ita da tukunyar nan ke biyan haya.
Na ajiye kuɗin kusa da ludayi.
Ta kalla, ta ce, "Wannan ko sukari ba ya saye, riƙe abinka."
Ban ɗauka ba.

Na tsuguna, na kama ɗaya bakin ƙyallen tata.
Yatsuna suka taɓa nata,
cikin ruwan sanyi ma da zafinsu.
Ba ta ce komai ba, ta ɗan matsa min wuri.
Ita daga can, ni daga nan,
muka murɗe.