Inci Goma

Ranar da Gidado ya tashi zuwa Kuala Lumpur
na rufe shago tun kafin la'asar,
na bar wandon Alhaji Tukur da ƙafa ɗaya a ɗinke,
na je firamaren da ke bayan tashar Kumo
na roƙi hedimasta ya sauko mini da ƙwallon duniya,
wannan da gara ta cinye wa gindi.

Na zare tef daga wuyana.
Na dafa yatsa inda nake zaton Gombe take,
don ba su ga damar rubuta ta ba,
na ja, ya ratsa Cadi, ya haye Habasha,
ya faɗa ruwa, shuɗi, shuɗi, ba ko tsibirin hutawa,
sannan ya taɓa tudu.
Inci goma.
Ko hannun rigar ɗan shekara uku ya fi haka.

Hedimasta ya ce, kilomita dubu goma ne da ɗoriya.
Na ce, Malam, ni ba na yanka da kilomita.

Da yaron ya sauka ya kira, muryarsa duk barci:
Baba, awa ɗaya daga Lawanti zuwa Abuja,
bakwai zuwa Doha,
shida a kan benci ina gadin jaka,
sai wasu bakwai da rabi, ƙafafuna har sun kumbura.
Mu nan ana kiran isha'i.
Na dubi butata. Ko alwalar azahar ban yi ba.
Wato ɗana ya riga ni shiga dare,
gobe ma a hannunsa za ta fara sauka
kafin ya miƙo mini ragowar.

Ya ce, a gaida Bappa Manu.

To.
Daga ƙofata zuwa ƙofar Manu taku arba'in da biyu ne,
na sha ƙirgawa.
Ba teku, ba biza, ba mai auna jaka.
Kwata ɗaya ce, da dalbejiya, da turken akuyar Adda Yelwa.
Shekara tara ke nan ina kan hanya,
tun ranar da muka raba kayan tsohonmu
aka zo kan keken ɗinki,
ya faɗi magana, na faɗi wadda ta fi ta.
Keken na nan. Yana tsallaken zare.

Jiya na kai har dalbejiya, taku ashirin,
na tsaya kamar mai jiran a kira jirginsa,
na ji tarinsa ta bayan katanga, irin na Baba,
na juyo.

Amma da dare na kunna fitila,
na shimfiɗa farar shadda yadi huɗu.
Ban nemi littafin awo ba.
Wuya sha biyar da rabi, kafaɗa sha takwas.
Na rage inci ɗaya a ciki,
an ce ya rame.