Ƙaurar Mage a Soron Ɗinki

Daren Talata ta haihu
a kwandon ƙyallaye, ƙarƙashin kekena.
Huɗu, idanu a liƙe,
kamar ƙullin zare da ya sha ruwa.
Na ce wa Nafi'u kar ya taɓa.
Ya ce to. To ɗin yaro.

Kafin azahar ɗin Laraba
rabin layinmu ya leƙo shago.
Mai shayi ya zo da kofi a hannu,
jikokin Tabawa sun ɗaga ɗaya sun birkice shi
suna gardamar mace ce ko namiji.
Ita tana kwance tana ƙirga hannaye,
kunne ɗaya ga janaretan maƙwabci,
ɗaya ga katanga,
inda muzurun nan mai yagaggen kunne
ya fara zaman da ba a gayyace shi ba.

Da asuba, kwando wayam.
Sai sauran ɗumi, da ƙarnin haihuwa,
da jerin kiyashin da suka riga ni jin labari.

Nafi'u ya gano su bayan buhunan gawayi,
ya kwaso su a hula
yana washe baki kamar ya yi tsintuwa a Kurmi.
"Can akwai datti, Baba."
Ta ƙyale shi har ya juya baya.
Da idona na gani:
haƙoran da ke karya wuyan gafiya
suka kama ƙeyar ɗanta
yadda nake kama siliki da yatsa biyu.
Shi kuwa ya naɗe ƙafa, ya saki jiki, ya yi tsit.
Sawu huɗu ta yi.

Sai na tuna Inna.
Gidan haya uku cikin shekara biyu,
Koki, Fagge, sannan Gwammaja,
ba ta taɓa zaunar da mu ta faɗi dalili ba.
Ta naɗe tabarma, ta goya auta, ta ce mu je.
Sai da na yi gemu na gane
abin da ta hango a katangar kowane gida.

Na ce wa yaro, koma kan aljihun da ka bari.
Wadda ta yi wata biyu da ciki
ba ta neman tela ya auna mata ɗaki.

To, ran Asabar hadari ya haɗo daga gabas,
ga masaukin nata daidai saitin indararo.
Na tsaya da almakashi a hannu.
Tabawa ta ce bar ta, ta fi ka sanin ruwa.
Nafi'u ya ce wallahi mutuwa za su yi.

Ban kwashe su ba.
Kwali na jingine a lungun da feshi ba ya kaiwa,
na shimfiɗa ƙyallen da suka fara kwana a kai,
na ja da baya, na ja yaron da riga.

Da yayyafin farko ta sunsuna kwalin.
Ta kai uku.
Na huɗun, ɗan firit ɗin,
yana can yana kuka siriri kamar bakin allura,
indararo ya fara tsiyaya.
Na ƙirga ɗari. Ba ta fito ba.
Na goge tafina da ƙyallen,
na ɗauko shi, sanyi ƙalau,
na ajiye a bakin kwali.
Ta leƙo, ta harare ni,
ta janye shi ciki, ta hau lasa tun daga ka,
tana wanke hannuna daga jikinsa.

Yau da safe kwalin ma wayam.
Nafi'u ya fara ɗage-ɗagen buhu.
Na ce zauna, Sallah saura kwana tara,
ga babbar rigar Malam Tasi'u ko wuya ba a yanka ba.
Can cikin silin, sama da kaina,
wani abu ya yi 'yar ƙara, aka lallashe shi.
Ban ɗaga kai ba.
Na dai rage wa keken gudu.