Wa Ya Ce Mata Yanzu?

A Dadin Kowa, ƙasa da dam,
tumatirin Baffa Siddi ya yi yaushi,
ga ruwa kuwa har wuya.
Na tuge guda ɗaya.
Saiwar duk ƙulle-ƙulle, kamar an yi mata carbi.
Aikin tsutsa ne, wadda ido bai isa ya gani ba.

Na ɗebi ƙasar a ledar burodi
na kai ɗakin gwaji.
Kwana shida ina leƙen madubi, har ƙeyata ta ƙage,
sai ga ta:
fumfuna, ta fi yanar gizo sirantaka,
tana kiwonta a faranti.

In da abinci, ba ruwanta da kowa,
ruɓaɓɓen ganye ya ishe ta.
Sai yunwa ta taɓa ta,
sai ta ji warin tsutsa ya gifta,
sannan zaren zai lanƙwasa, ya kamo kansa,
zobe bisa zobe, ga danƙo.
Tsutsa ta zura kai.
Shi ke nan.

Ba ta da ido, ba ta da ƙwaƙwalwa.
To wa ya ce mata yanzu?

Dakta Lamela ya zana mini a bayan wani tsohon rasit:
wasu 'yan furotin ne a cikinta,
ba sa saƙa, ba sa kamu,
aikinsu su ce tashi, su ce ya isa.
Wannan ya ce miƙe, wancan ya ce zuba iri,
wani ya ja linzami kada saƙo ya zarce.

Muka cire guda.
Faranti na bakwai ya tsiro da ƙyar, iri ɗan kaɗan,
tsutsotsi na birgima a kanta
kamar jikoki a tabarmar kaka.
Ko zobe ɗaya.
Muka cire wani a na tara,
ita kuma ta yi ta saƙa babu tsayawa,
tarko kan tarko, har ta manta da girma.

Bayan la'asar na koma gida.
Baffa yana zaure.
Shi ne da yake ɗana wa fakara asuta
da gashin wutsiyar doki,
yana hira, bai ko duban hannunsa.
Tun azumin bara ɓarinsa na dama ya shanye.
Yatsu biyar suna nan, ba wanda ya ragu,
har kantar fartanya ba ta goge ba.
Likita ya ce hannun lafiya lau,
saƙon ne ba ya isowa.

Na sa masa zare a tafi.
Ya dubi zaren, ya dubi yatsun,
ya jira su ji.

Sai na ba shi labarin faranti na bakwai.
Ya yi dariya da rabin baki.
"Tana duba sawu kafin ta ɗana?"
Na ce shinshinawa take yi.
"To, maharbiya ce."
Ya yi shiru, har aka kira magariba.
Ina naɗe tabarma ya riƙo mayafina da hagu:
"Dija, abin nan da kuka cire mata,
in kun gama kallon,
ku mayar mata."